Jami'ar da Ruwan Komadugu Ke Rufewa

Shekarun baya, tun ina ɗalibi a lise ta Diffa, wato babbar makarantar sakandare, na yi imani da abu guda ba tare da shakka ba: cewa abin da yake na gaske ya fi abin da aka ƙaga daraja, kuma babbar kyautar da za ka yi wa mai mafarkin wani wuri ita ce ka kai shi ya gani da idonsa. Na riƙe wannan ra'ayi har na haura shekara talatin. Yau zan ba ku labarin yadda ya kuɓuce mini.

Mahaifina ma'aikacin gwamnati ne, an yo masa canjin wurin aiki daga Damagaram zuwa Diffa ina ƙarami. Abokina kuwa ɗan ƙasa ne, Babarbare, iyayensa manoman tattasai ne a wani ƙauye na bakin Komadugu, ba nisa da gari. Benci ɗaya muka zauna tun daga kwaleji. Idan yana son tsokana sai ya kira ni "ɗan fonksiyone", wato ɗan ma'aikacin gwamnati. Idan yana son aron littafi kuma sai in zama "sawani", wato abokina da yarensu. Ya fi ni ƙwaƙwalwa, ko a lokacin ban taɓa musun haka ba. Ni mai haddar darasi ne. Shi kuwa irin tambayar da yake yi, sai malamin tarihi ya cire tabarau ya goge kafin ya amsa.

A farkon shekarun casa'in yajin aiki ya yi yawa, har aka soke mana shekarar karatu ɗungum. Farar shekara ake ce mata. Jarrabawar bak, wadda ita ce ƙofar jami'a, tana gabanmu, sai aka tura ta nesa, muka zauna ba aiki ba karatu. Mahaifiyata ta gaji da ganina ina zagaye a tsakar gida, wata rana ta ce:

"Ka bi abokinka gona mana. Ko ba ka iya komai ba, ai ka iya korar awaki."

Ga wanda bai san Komadugu ba, kogi ne mai zuwa da tafiya. Da damina yake isowa, har yara su riƙa gudu a gaban harshen ruwan farko suna ihu. Bayan damina ta wuce ne yake cika ya tumbatsa, daga nan ya riƙa janyewa sannu a hankali, har ya bar rairayi da 'yan tafkuna. Shi ne kuma iyaka: wannan gaɓa tamu, waccan ta Najeriya. Daidai gonar mahaifin abokina akwai wani tudun rairayi a tsakiyar kogin, wanda yake fara fitowa idan ruwa ya soma janyewa. A kansa suke shanya tattasai, domin rairayin fes yake, kuma ruwan da ya kewaye shi ya hana dabbobi zuwa. Wato ko korar awakin da mahaifiyata ta yarda na iya, ban samu na yi ba.

Aikinmu shi ne mu haye da buhuna a ka, ruwa iya gwiwa, mu baza tattasai, mu riƙa juya shi don kada ya ruɓe ta ƙasa. Ni dai atishawa na fi yi. Wata rana muna hutawa, jan tattasai ya kewaye mu ko'ina, na tambaye shi:

"Wai nan ƙasar wa muke? Tamu ko ta su?"

Ya dubi gaɓar arewa, ya dubi ta kudu, ya ce: "Ba ta kowa ba ce. Ka taɓa ganin ɗan duwan yana karɓar harajin kaya a nan? Wannan Ƙasar Rairayi ce, ɗan fonksiyone. Ka shigo ba biza."

"Ina babban birninta?"

"Ba ta da shi. Ba ta da shugaba, ba ta da soja. Jami'a kawai gare ta, tunda ita aka hana mu."

Daga cikinmu babu wanda ya taɓa ganin jami'a. Abin da muka sani game da ita shi ne abin da malamanmu 'yan yammacin ƙasa suke faɗi idan sun tuna ƙuruciyarsu. Amma tun daga ranar abokina ya fara ba ni tarihin Jami'ar Ƙasar Rairayi, kullum kaɗan kaɗan, da fuskar da ba wasa a cikinta, kamar mai karanta labarai a rediyo.

Wanda ya kafa ta, in ji shi, wani tsoho ne mai fito, tun zamanin da ake haye kogin a kan manyan goruna. Idan ya kai mutum tsakiyar ruwa ya ga tsoro ya kama shi, sai ya ce masa: faɗa mini abin da ka fi sani a duniya. Mutum ya shiga bayani har ya manta da tsoro. Haka tsohon ya ji ilimin makiyayi, da na maƙeri, da na ungozoma, da na ɓarawo. "Kuma duk gaskiya ne," in ji abokina, "domin mutum ba ya ƙarya a kan gora." Da ƙarfinsa ya ƙare sai ya zauna a kan wannan tudu yana koyar da abin da ya tara. Shi ne rektar na farko, wato shugaban jami'ar.

Ta biyu Bafulatana ce mai tallan nono, ita ta kafa tsangayar likitanci, inda ake duba saniya kafin a duba mai ita. Na san da gangan ya ba ta muƙamin, don ya samu hanyar tsokanar Fulani, kamar yadda Barebari suka saba. Na ukun ɗan ƙabilar Buduma ne, masunta, daga wajen Bosso, wanda ya buɗe tsangayar bandar kifi. A zamaninsa ne ɗalibai suka yi bore na farko, saboda kifi safe, kifi rana, kifi dare. Tsangayar shari'a kuwa ƙara ɗaya take saurare tun ranar da aka kafa ta, ta wata saniya da ta shiga gonar tattasai, kuma har yau ba a yanke hukunci ba, domin ranar da aka yanke tsangayar za ta rasa aiki. Ana fara darasi da Barbarci, a yi gardama da Fulatanci, a yi rantsuwa da Larabci, a yi cinikin maki da Hausa. Faransanci sai wajen ba da haƙuri.

Na ce masa: "Ina ɗakin littattafai?"

"Ba a rubutu a nan. Duk abin da ka rubuta ruwa zai ɗauke. Kowane ɗalibi yana ɗauke da littafi guda a kansa."

Abin da ya fi alfahari da shi shi ne tsarin shekarar karatu. Ana buɗe jami'a ranar da tudun ya fito, a rufe ta ranar da ruwa ya dawo ya rufe shi. Ba minista, ba ƙungiyar ƙwadago. "Shi ya sa tun da aka kafa ta ba a taɓa yin farar shekara ba," in ji shi. "Komadugu ba ya yajin aiki."

Akwai kuma doka guda, wadda na yi wa dariya a lokacin. Ba a ba ɗalibi shaidar kammalawa sai ya tafi wata ƙasa ya gano abin da ke can, ya dawo, ya tsaya a kan wannan rairayi jami'a tana buɗe, ya koyar da abin da ya gani.

Mahaifinsa, dattijo mai ƙarancin magana, yakan tsaya a gaɓa ya saurare mu na ɗan lokaci, sannan ya ɗaga murya da Hausarsa mai ƙamshin Barbarci:

"Malaman jami'a, ku juya tattasan nan kafin ƙasarku ta ruɓe."

Tun daga shekarar na daina kiran abokina da sunansa. Rektar nake ce masa.

Makaranta ta dawo, muka yi bak, muka ci mu biyu, shi da maki fiye da nawa. An ba mu gurbi a jami'a a Yamai. Sai dai a wannan shekara idanun mahaifinsa suka fara dushewa. Shi ne babba, ƙannensa duk ƙanana, kuma injin ban ruwan da suka saya shi kaɗai ya san kansa. Lokacin tafiya ya zo daidai da lokacin da tattasai ke buƙatar ruwa kullum. Ya ce mini zai biyo ni baɗi. Ya raka ni tasha, ya ɗora mini jaka, ya ce:

"Kai ne ɗalibi na farko da muka tura ƙasar waje. Kada ka kunyata mu. Ka dawo ka yi mana lacca."

A nan ne dokar da na yi wa dariya ta kama ni. Tsakanin Diffa da Yamai tafiyar kwanaki ce a wancan zamani, ɗalibi ba ya zuwa gida sai babban hutu, babban hutu kuwa da damina ne. Duk lokacin da jami'ata ta rufe, tasa tana ƙarƙashin ruwa. Sai mu zauna a gaɓa, gindin wata tsamiya, muna kallon wurin da muka san tudun yake. Idan na gyara murya zan fara bayani sai ya ɗaga hannu:

"Wannan hira ce, sawani, ba lacca ba. Jami'a na hutu. Ci gaba."

Amma yana saurare, kuma babu abin da yake bari ya faɗi ƙasa. Na ba shi labarin anfi, babban zauren da ke ɗaukar ɗalibai kamar kasuwa, benci bisa benci har sama. Na ba shi labarin layin abinci, da malamin da ke magana tsawon darasi bai dubi takarda ba, da kogin can wanda ba ya ƙafewa. Yakan gyaɗa kai ya ce: "A tamu ma an yi haka, zamanin rektar na uku." Baɗi idan na dawo sai in tarar abin da na faɗa ya shiga tarihinta, ya samu suna da dalili. Da rani kuwa, ina can, direban wata babbar mota ko wani ɗan kasuwa zai neme ni ya ce: "An ce a gaya wa ɗan fonksiyone ruwa ya janye, an buɗe jami'a." Wasunsu har su tambaye ni ko wata sabuwar makaranta aka gina a Diffa.

Baɗin da ya ce bai zo ba. Mahaifinsa ya makance, daga baya ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Abokina ya yi aure, ya samu 'ya, gona ta ƙaru. Ban san shekarar da ya daina cewa zai biyo ni ba. Abin da na lura shi ne, yadda damarsa ke ƙanƙancewa haka jami'arsa ke faɗaɗa. Ta samu sabbin tsangayoyi, ta yi rektar na bakwai. A gindin tsamiyar nan ni da shi daidai muke: ni da jami'ata, shi da tasa, kuma tasa ta fi daɗin ji. Ita ce ta riƙe shi cikin duniyar karatu, ita ce kuma ta riƙe mu tare. Yanzu nake faɗin haka. A lokacin gani nake lallashin kai ne kawai, kuma mutum mai kai irin nasa ya cancanci ganin ta gaske.

A farkon shekarun dubu biyu, ina karatu mai zurfi ina ɗan taimaka wa malamai, ya rako lodin tattasai zuwa Yamai. Shi ne zuwansa na farko. Da ya gama da 'yan kasuwa na ce masa gobe zan kai shi jami'armu. Ya ce: "Ziyarar aiki ke nan. To, a shirya."

Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. Da muka zo ƙofa ya rage tafiya, ya ce a hankali: "Ba a tambayar takarda?" Na ce ba a tambaya. Na zaɓi darasin tarihi, kuma na yi sa'a, ko na ɗauka sa'a ce: malamin yana magana a kan tsofaffin daulolin Tafkin Chadi. Muka zauna can sama. Tsorona guda shi ne ya raina wurin, ya riƙa raɗa mini cewa tasu ta fi iska. Ba haka aka yi ba. Ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa, ya miƙa wuya, bai motsa ba har aka tashi. Daga nan na kai shi ɗakin littattafai. Ya tsaya gaban kantoci, ya goge tafin hannunsa a jikin riga kamar zai ɗauki guda, sai kuma ya mayar da hannun baya.

Muka fito muka zauna wurin mai shayi. Ni ina cike da jin na yi abin kirki. Na ce:

"To, Rektar, yaya ka ga abokiyar hamayya?"

Ya daɗe yana juya kofi kafin ya ce: "Rabin abin da ya faɗa na ji, sawani. Faransancin ya gudu. Kuma labarin kakannina yake bayarwa."

"Ai yana da sauri. Ko mu ba duka muke kamawa ba."

"A'a. Da na zo a shekarar da ka zo, da na ji duka."

Sai na koma ga wasa, domin shi kaɗai na iya da shi. Na ce tsangayar shari'a ta nan ba ta da saniya ko ɗaya. Ya yi murmushi don kada in ji kunya. Sannan ya dubi ɗaliban da ke wucewa da littattafai a hammata, ya ce:

"Ashe da gaske akwai ta."

"Me kake nufi? Shekara nawa ina ba ka labarinta?"

"Na ɗauka kana ƙarawa, kamar yadda nake yi. Na ɗauka benci bisa benci har sama ɗin nan naka ne. Har na ce a raina, ɗan fonksiyone ya fara iyawa."

Ya yi mini godiya sosai a tasha, godiya ta gaskiya. Ya ce ba zai manta da wannan rana ba.

Bayan 'yan shekaru aka turo ni aiki Diffa. Karo na farko tun barina lise, rani ya same ni a gida. Na yi makonni ina tsara laccar a kaina, da gabatarwa da sassa uku da kammalawa, kamar yadda aka koya mana. Har gwaji na yi a ɗaki, matata tana tsammanin wani taro nake shiryawa a ofis. Da na ji tudun ya fito, na tafi ƙauyen da hantsi, na cire takalma, na naɗe wando, na haye. Ruwan iya gwiwa kamar dā. Yana can tsakiyar ja, ya yi ƙiba kaɗan, furfura ta fara masa a gemu. Na tsaya a inda muke zama, na ce:

"Rektar, ɗalibinku ya dawo. Na zo in yi lacca in karɓi shaidata."

Ya yi dariya, ya rungume ni, ya tambayi mahaifiyata da iyali. Sannan ya miƙo mini abin juya tattasai ya nuna mini gefe guda.

"Fara daga can, ƙasan bai bushe ba."

"Laccar fa?"

"An rufe jami'ar, sawani."

"Ai ruwa bai dawo ba."

"Ba ruwa ba ne." Ya sunkuya ya tsince wani tattasai da ya ruɓe ya jefar. "Rairayi ne kawai. Yana da kyau wajen shanya."

Babu ɗaci a muryarsa, kuma wannan ya fi yi mini nauyi. Muka yini muna juya tattasai, muna maganar tsadar man inji, da ƙafar mahaifiyarsa, da wanda ya mutu da wanda ya ƙaura. Hira mai daɗi, irin ta manyan mutane biyu da suka san juna tun ƙuruciya. Na yi atishawa, ya ce har yau ban zama ɗan ƙasa ba. Laccar tana nan a kaina, ban taɓa yi wa kowa ita ba.

Na sha tambayar kaina ko kuskure na yi da na kai shi jami'a. Ban samu amsar da ta zauna ba. Shi bai taɓa zargina ba, har yakan gaya wa mutane da alfahari cewa ya taɓa zama a anfi. 'Yarsa ta fari ta yi jami'a, shi ya tsaya tsayin daka sai da ta tafi, kuma wataƙila wannan rana ce ta haifar da haka. Idan haka ne, wa zai ce ba a ci riba ba? Sai dai na san abin da ban sani ba a dā. Muddin jami'o'in biyu labari ne a bakin abokai biyu, babu wanda aka bari a baya. Ranar da ya ga tawa da bango da ƙofa, ranar ya ga cewa ɗayanmu ya tafi, ɗaya ya zauna. Ni na ɗauka ina ƙara masa ne.

Na shiga jami'o'i da dama tun daga lokacin, a gida da waje, na zauna a manyan zauruka masu sanyi. Babu wadda nake kewa kamar wadda ba a taɓa ginawa ba. Wani lokaci ina tsakiyar taro sai in tuna da saniyar nan da har yau ba a yanke mata hukunci ba, in ji ina son sanin wane ne rektar na takwas, da abin da ya gina, da dalilin da ya sa ɗalibai suka yi masa bore. Mutum ɗaya ne a duniya ya san amsar, yana nan da ransa da lafiyarsa, kuma ba zan tambaye shi ba.

Aiki ya sake ɗauke ni daga Diffa, amma zumuncinmu bai yanke ba. Yanzu ba a buƙatar direba, waya ta wadata. Duk shekara idan rani ya kama yakan kira ni, mu gaisa, ya ce: "Sawani, ruwa ya janye." Nakan jira ko zai ƙarasa da cewa an buɗe jami'a. Daga nan sai ya tambayi yara.